Jitar Mdou Moctar: daga Sakkwato zuwa dandalin rock

Duk wanda ya tashi a Kazaure ko Babura ya san kiɗan tsirkiya: goge, garaya, gurmi. Jitar lantarki ma 'yar dangi ce, sai dai ita jona ta ake yi da na'urar ƙara sauti, a murɗa har ta riƙa gurnani. Gurnanin nan shi ne gishirin kiɗan rock, a salon metal kuwa ya fi kauri. Wasu makaɗan ko baki ba sa buɗewa, jitar ce ke aikin maƙogwaro.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ji irin wannan kiɗa. Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar kuma bahago, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba: waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya, har suka faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin fitar da waƙoƙi na Sahel Sounds.

Mdou Moctar yana rera waƙa kam. Amma a saurari kundinsa Afrique Victime na 2021, inda murya kan ja gefe ta bar jita tana ta ɓarin wuta.