Wutar Batir a Jirgin Ruwa: Yadda Ake Sa Makunni da Allon Rarraba Wuta

'Yan'uwa da yawa a ƙauyukanmu na bakin Binuwai da Kwara, daga Numan zuwa Ibi har Lakwaja, da jirgin ruwa suke neman abinci. Da shi ake kamun kifi, da shi ake kai doya da shinkafa kasuwa, da shi kuma ake tsallakar da marar lafiya zuwa asibiti. Yanzu jirage da dama suna ɗauke da batir don fitila, da cajin waya, da famfon kwashe ruwa. Sai dai sau da yawa mukan ga wayoyi huɗu ko biyar an murɗa su kai tsaye a kan batir, an naɗe da leda, ga jarkar fetur a gefe. Wannan haɗin yana jawo abu biyu: gobara a tsakiyar kogi, ko kuma batir ya mutu a daidai lokacin da ake bukatarsa. Maganinsu shi ne babban makunni ɗaya da allon rarraba wuta.

Mene ne aikinsu?

Babban makunni kamar ƙofar gida yake. Idan muka juya shi, wuta ta yanke daga jirgin gaba ɗaya. In waya ta fara hayaƙi, hannu ɗaya ya isa a kashe. In mun ɗaure jirgi mun tafi gida, fitilar da aka manta ba za ta shanye batir ba.

Allon rarraba wuta kuwa ƙaramin faifai ne mai jerin ƙananan makunnai, kowanne da fiyus ɗinsa. Wuta takan shigo masa ta waya ɗaya mai kauri, sa'an nan ta rabu zuwa fitila, famfo da wurin caji. Fiyus siririn ƙarfe ne da ke narkewa idan wuta ta wuce ƙima. Aikinsa shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Kada ƙanƙantar batir mai bolt 12 ta ruɗe mu. Ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma idan jar waya ta taɓa baƙa, yana iya tura ɗaruruwan amfiya nan take, waya ta yi ja kamar garwashi.

Kayan da za mu nema

Muna bukatar babban makunni irin na jirgin ruwa, allo mai gurbi huɗu ko shida, babban fiyus da mariƙinsa, ƙaramin sandan tagulla mai notuna don tara baƙaƙen wayoyi, kawunan waya masu zobe, da akwatin roba mai murfi don batir. Waya ta zama mai silli-silli da yawa a ciki. Wayar ginin gida mai ƙarfe ɗaya tak takan karye saboda girgizar inji. In an sami wadda aka shafe tagullarta da kuza, ta fi jure danshi. Ja ta tafi kan batir mai alamar +, baƙa ta tafi kan mai alamar −.

Ɗan lissafi kafin aiki

A jikin kowace fitila an rubuta wat ɗinta. Mu raba wat da 12, sai mu sami amfiyar da take sha. Fitilar hasko hanya mai wat 60 tana shan amfiya 5. Fiyus mai 7.5 ko 10 ya dace da ita, da waya mai kaurin 2.5 yadda masu shago ke kiranta. Idan wayar za ta yi tafiya mai nisa, daga bayan jirgi zuwa goshinsa, a ƙara kauri, domin wuta tana raguwa a doguwar siririyar waya. Batir mai 100 a rubuce, rabinsa kawai ya kamata mu sha kafin a sake caji, wato awa 10 ke nan ga wannan fitila ita kaɗai. In aka auna batir da mita bayan ya huta, 12.6 cikakke ne, 12.2 kuwa ya kai wajen rabi.

Matakan haɗawa

1. A cire baƙar waya daga batir tukuna, ita ce kuma za a mayar a ƙarshe. A cire zobe da agogo, kada sifana ta haɗa kawunan batir biyu.

2. A sa batir cikin akwatinsa, a ɗaure shi da kyau a wurin da ruwan cikin jirgi ba ya kaiwa, inda iska ke shiga. Batir yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan jirgi. Saboda haka batir da makunni su yi nesa da jarkar mai.

3. A kafa babban makunni kusa da batir, inda hannun matuƙi zai kai ko cikin duhu. A kan jar waya ake sa shi.

4. A sa babban fiyus a jar wayar, kada ya wuce santimita 18 daga kan batir, wato bai kai taƙi ɗaya ba. Daga nan waya ta shiga makunni, ta fita zuwa allo. In injin mai tashi da maki ne, yana jan wuta mai yawa, don haka kebul ɗinsa mai kauri ya bi ta makunni zuwa inji, fiyus na allo kuma ya zauna dab da bakin makunni.

5. A kafa allo a tsaye, ƙarƙashin rumfa. Kowane kaya ya sami jar wayarsa daga gurbinsa, a rubuta sunansa a jiki.

6. Kowace baƙar waya ta dawo kan sandan tagulla, daga nan waya ɗaya mai kauri ta koma batir. Mu tuna wa mai rewaya cewa jirgi ba mota ba ne. Katako ba ya ɗaukar wuta, jirgin ƙarfe kuwa in aka bi da wuta ta jikinsa, yakan ci shi.

7. A matse kawunan waya da abin matsewa, a ɗaure notuna tam, a shafa ɗan giris. A kama wayoyi a jikin jirgi can sama, kada su kwanta inda ake taka su.

8. A mayar da baƙar waya, a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Bayan minti kaɗan a taɓa wayoyin. Wadda ta yi zafi ta yi siriri, ko kuwa haɗinta ya yi sako-sako.

Abubuwan kiyayewa

Idan inji ne ke cajin batir, kada a kashe babban makunni yana aiki, domin na'urar cajin tana iya lalacewa. Famfon da ke tashi da kansa in ruwa ya taru, shi kaɗai ne za a haɗa kai tsaye da batir, da nasa fiyus, don ya yi aiki ko an yi ruwan sama da dare ba kowa a jirgi. Wayar sola kuma ta bi ta na'urar daidaita caji, ita ma da fiyus. In fiyus ya ƙone, a nemi dalili. Kada a cusa waya ko takardar sigari a gurbinsa, don yin haka kamar cire ƙofa ne saboda ɓarawo ya ƙwanƙwasa.

Fitilun alama suna da ƙa'ida ɗaya a duk duniya: ja a hagu, kore a dama, fara a baya. Suna taimako cikin hazo da ruwan sama da magariba. Amma samun fitila ba izinin tafiyar dare ba ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana jigilar fasinja da dare. Ba mu manta ba da jirgin da ya kife da dare a yankin Patigi cikin watan Yuni na 2023, inda mutum fiye da 100 suka rasu suna dawowa daga biki.

Muna ba da shawara masu jirage na kowane ƙauye su haɗa kuɗi su sayi mita ɗaya da abin matse waya, su kuma sa matashi ɗaya ya koyi aikin a wurin gwani. Kafin ruwa ya cika kowace damina, a bi jirage ɗaya-ɗaya a duba notuna da tsatsa, a kuma ajiye fiyus na ko-ta-kwana cikin gwangwani mai murfi.