Keken jariri da kujerar mota: Wanne ya kamata a fara dubawa?

A makon jiya wata matashiya mai tsohon ciki ta shigo kantin maganinmu a Abuja domin karɓar maganin ƙarin jini. Muna cikin hira sai ta miƙo mini waya, ta nuna mini hotunan keken tura jariri iri uku, kowanne haɗe da kujerar mota. Ta ce, "Anti, wanne ya fi kyau?" Na tambaye ta wace irin mota gare su, kuma a hawa na nawa suke zaune. Ta yi dariya ta ce ita launi kawai take dubawa.

Ba ita kaɗai ba ce. A kasuwar Wuse ko Balogun ta Legas, 'yan kasuwa na sayar da waɗannan kaya a matsayin saiti guda: keke, da kujerar da ake ɗora ta a kan keken ko a cikin mota, wani lokaci har da gindin da ake kafewa a kujerar baya. Ido yakan tsaya a kan keken, domin shi ake gani. Amma keke sauƙin rayuwa kawai yake kawowa. Kujerar ita ce za ta iya ceton ran yaro, don haka da ita za a fara.

Me ya sa cinya ba ta isa ba?

Yawancinmu a kan cinyar uwa ko kaka aka kawo mu gida daga asibiti. Sai dai idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Babu hannun da zai iya riƙe jariri a wannan ƙiftawar ido, komai ƙaunar mai riƙon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara na iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari.

Kan jariri babba ne idan aka gwada shi da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Shi ya sa ake sa kujerarsa ta fuskanci bayan mota, domin idan aka yi karo daga gaba, jikin kujerar ya tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar Turai mai suna R129 ta wajabta hakan har yaro ya kai aƙalla wata 15, likitocin yara a Amurka kuwa sun ce a ci gaba har sai ya wuce nauyi ko tsayin da aka rubuta wa kujerar. Wurinta kujerar baya. Kada a taɓa ɗora ta a gaba inda jakar iska ke aiki, domin fitowar jakar kaɗai na iya kashe jariri. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ma ta sha gargaɗi cewa yaran da ba su kai shekara 12 ba a baya za su zauna.

A karanta ta kamar kwalin magani

Kamar yadda muke auna maganin yara da nauyinsu, haka ake zaɓen kujera. Yawancin kujerun jarirai daga haihuwa ne zuwa kusan kilo 13. A juya kujerar a nemi takardar da aka manna mata. Ta Turai tana da tambari ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira, da lambar R44 ko R129. Ta Amurka za a ga an rubuta cewa ta cika ƙa'idar gwamnatin ƙasar, tare da ranar ƙira. Wadda ba ta da ko ɗaya, a bar wa mai ita.

Kujera ma tana da ranar lalacewa, galibi shekara 6 zuwa 10 daga ranar da aka ƙera ta, domin roba na tsufa, zafin ranarmu kuma ba ya raga mata. A nan matsalar kayan gwanjo take. Keke na gwanjo ba laifi idan birkinsa da ƙafafunsa lafiya lau. Amma kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa daga ciki ba a gani ba, mai sayarwa ma bai san tarihinta ba. Araha ba ta ado. Idan kuɗi bai kai ba, gara a sayi sabuwar kujera mai sauƙin farashi, a haƙura da keken tukuna. In kuma aro ne, a karɓa daga 'yar'uwar da aka san yadda ta yi amfani da ita.

A tafi kasuwa da motar

Ba kowace kujera ce ke zama a kowace mota ba. A sa hannu tsakanin mazauni da majingina na kujerar baya a laluba ƙananan ƙarafa biyu. Su ne ake kira ISOFIX, ko LATCH a motocin tokumbo na Amurka da aka ƙera daga ƙarshen 2002. Idan babu su, bel ɗin mota ya wadatar, muddin an bi hanyar da aka zana a jikin kujerar. Bayan an ɗaure a jijjiga ta daga wajen ɗaurin, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Igiyoyin kafaɗa kuma su kwanta a jikin yaro ta yadda ba za ki iya tsunkulo ninki da yatsu ba.

Iyalin da ke hawa tasi ko Bolt su nemi kujerar da ake ɗaurewa da bel kaɗai ba sai da gindi ba. A A Daidaita Sahu ko acaɓa kuwa babu inda za a ɗaure ta, don haka ba ta ba da wata kariya a can.

Sai a zo kan keken

A nan unguwarku ce za ta yanke hukunci. Mai zaune a rukunin gidaje masu kwalta a Gwarimpa za ta ji daɗinsa. Mai zaune a hawa na uku a Agege, inda kwata da masu talla suka cinye gefen titi, wataƙila sau biyu za ta fitar da shi ya koma ma'ajiyar kaya. Ga irin wannan wuri zanen goyo bai da na biyu. Idan za a saya, a ɗaga shi da hannu ɗaya a ji nauyinsa, a naɗe shi a gwada a but ɗin mota, a taka birkin, a zaɓi mai manyan ƙafafu. Jaririn da bai kai wata shida ba yana buƙatar keken da ke kwanciya sosai. A saya masa gidan sauro, kada a lulluɓe shi da zane ko bargo, domin zafi na taruwa a ciki. Kada kuma a rataya jaka mai nauyi a mariƙi, tana kifar da keke.

Gargaɗi na ƙarshe: kujerar mota ba gado ba ce. Saitin na jan hankalin uwa ta ciro jariri mai barci da kujerarsa, ta ɗora a keke, ya yini a ciki. Kan jariri na iya faɗowa kan ƙirjinsa ya danne hanyar numfashi. Masu ƙira da yawa sun ce kada a wuce awa biyu a jere. A tafiyar Abuja zuwa Kaduna ko cunkoson Nyanya da Mararaba, a samu wuri mai aminci a tsaya a fito da shi, babba kuma ya zauna kusa da shi a baya. Kada a bar shi shi kaɗai a mota ko na minti ɗaya.

Matashiyar nan ta dawo ranar Asabar tare da maigidanta, muka fita muka laluba kujerar bayan motarsu, muka sami ƙarafan. Kujera suka saya. Keken sun ce sai bayan suna. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya raya mana zuri'a.