Firfitowar Ido Daga Ciwon Maƙoƙo da Yadda Ake Maganinta

Wanda ya yini a Kasuwar Shanu ta Maiduguri, cikin ƙura da zafin rana, ba abin mamaki ba ne ya koma gida idanunsa jawur suna zubar da ruwa. Saboda haka dillali ko makiyayi yakan ɗora wa ƙura laifin duk wani ciwon ido. Amma akwai wani ciwon da ba ruwansa da ƙura, asalinsa a wuya yake.

A gaban maƙogwaron kowane mutum akwai wata 'yar tsoka wadda likitoci ke kira tayiroyid, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Wani maƙoƙon rashin sinadarin aidin ke kawo shi. Wani kuwa garkuwar jiki ce ke juyowa ta tsokani wannan tsoka har ta riƙa aiki fiye da kima. Shi ne ake kira ciwon Graves, da sunan likitan ƙasar Ayalan da ya bayyana shi a 1835. Mai shi yana ci amma yana ramewa, ga gumi, ga faɗuwar gaba da rawar hannu. Ya fi kama mata. A jikin waɗansu, garkuwar takan kai hari ga nama da kitsen da ke bayan ƙwayar ido, su kumbura su turo idon waje. Sai a ga idanu sun firfito, fatarsu ba ta rufuwa sosai ko da barci, wani lokaci mutum ya ga abu ɗaya ya zama biyu.

Babban maganin wannan kumburi shi ne siteroyid, amma fa yana da lokacinsa. Ciwon yakan yi zafi na wata shida zuwa shekara biyu, sa'an nan ya lafa ya bar tabo. Maganin yana cin kumburi ne, ba ya cin tabo. Wanda ya zo a makare, sai dai a yi zancen aikin tiyata.

In ciwon mai sauƙi ne, ba a bukatarsa ma; a daidaita aikin maƙoƙon, a ɗiga ruwan da ke jiƙa ido. In ya yi tsanani, hanyar da likitocin Turai suka ƙara tabbatarwa a 2021 ita ce a ba da shi ta jijiya, watau cikin ƙarin ruwa, sau ɗaya a mako har mako 12: miligiram 500 a makonni shida na farko, 250 a shida na ƙarshe. Ba a yarda jimla ta wuce giram 8 ba, domin tana iya lalata hanta. Kafin a fara sai an auna sukari da hawan jini, an binciki ciwon hanta da tarin fuka da gyambon ciki, gama maganin yana iya tayar da kowannensu.

Nan ne ake jan kunnen jama'a. Ƙwayoyin firednisolon da deksametason da masu talla ke yawo da su, waɗanda waɗansu ke sha don neman ƙiba, dangin wannan magani ne. Haka kuma allurar deksametason da ake yi wa shanu. Wannan ta dabba ce, kada kowa ya kuskura ya yi wa ɗan Adam. Shan su ba awo yana kawo ciwon sukari da laushin ƙashi. Na ɗigawa a ido kuwa ba ya isa bayan ƙwayar ido inda ciwon yake, kuma in aka daɗe a kansa yana jawo yanar ido da hawan jinin ido, wanda makantarsa ba ta warkewa. Wanda ya riga ya daɗe yana shan ƙwayar kada ya yanke ta rana ɗaya, sai likita ya rage masa sannu a hankali.

Mashayin taba ya sani hayaƙinta yana ƙara ciwon, yana kuma rage ƙarfin maganin. Lalle ne ya bari.

In gani ya fara dushewa, ko jan launi ya koɗe a idon mutum, to, kumburin ya danne jijiyar gani, kuma kwanaki kaɗan suna iya raba shi da idonsa. A kai shi asibiti ran nan, kada a jira a tashi kasuwa. A Maiduguri akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa. Mai zuwa ya riƙo duk magungunan da yake sha ko yake ɗigawa, har da kwalayensu, ya nuna wa likita.