Karen Ruwa: Dabbar da Ke Ba da Shaidar Lafiyar Kogi

Tambayi yaro a Unguwar Kanawa ta Kaduna wace dabba ce ke zama a kogi, nan take zai ce maka kada, wataƙila ya ƙara da dorina. Da wuya ya ambaci karen ruwa, alhali Najeriya tana da shi har iri biyu, kuma masana na auna lafiyar kogi da shi. Inda yake hayayyafa akwai kifi da ƙaguwa, akwai duhuwa a bakin gaɓa. Inda ya ɓace kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Babban cikin namu nauyinsa kan kai kilo 20. Yatsun hannunsa ba su da farata, da su yake laluben laka da ƙarƙashin duwatsu, ko da ruwan ya yi duhu. In ya damƙo ƙaguwa sai ya ƙwamushe ta har da ɓawo, shi ya sa masu bincike kan gane wurin zamansa daga kashin da ya bari a kan dutse, cike da ɓarɓashin ɓawon. Ƙaramin, mai ɗigo-ɗigo a wuya, da ido yake bin kifi, don haka da zarar ruwa ya gurɓace abincinsa ya yanke. Ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ta sa su duka biyun cikin jerin dabbobin da ke dab da shiga haɗari.

Ɗan uwansu na teku, wanda ke arewacin tekun Fasifik, shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Ba shi da kitsen da zai kare shi daga sanyi, gashinsa ne garkuwarsa, kuma babu dabbar da ta kai shi cikar gashi. Kullum sai ya ci abinci kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Yakan kwanta rigingine a kan ruwa, ya ɗora dutse a ƙirji, yana buga katantanwa a kai har ta fashe. Gashin nan ne ya jawo masa bala'i. Daga 1741 'yan cinikin fata suka far masa, har yawansa ya faɗo daga sama da 150,000 zuwa abin da bai wuce 2,000 ba. A 1911 Amurka da Rasha da Japan da Birtaniya suka sa hannu a yarjejeniyar da ta hana farautarsa. A gaɓar Kalifoniya kimanin 50 aka gano sun rage a 1938, yau sun kai wajen 3,000.

Ɓacewarsa ce ta nuna amfaninsa. Shi ke cin wata halitta mai ƙaya da ke cinye dogayen ciyayin teku. Da ya ƙare a wasu yankuna, sai mai ƙayar ta yi yawa, ta share ciyayin, kifayen da ke fakewa a ciki suka watse.

Ajiye irin wannan dabba a gidan zu ba wasa ba ne. Tana buƙatar tafki mai tsabta, da busasshen wurin da za ta goge gashinta, da rami na ɓuya, da abinci sau da yawa a rana. A gidan adana halittun ruwa na Monterey da ke Kalifoniya, tun 2001 ake haɗa marayun 'ya'ya da wasu matan karnukan ruwa su raine su, su koya musu nutso da fasa abinci. Ma'aikata kan rufe fuska da jiki kafin su taɓa su, don kada su saba da mutum, domin manufar ita ce a mayar da su teku. Wannan darasi ne ga masu kula da lambun Gamji a Kaduna da gidan zu na Audu Bako a Kano: aikin gidan dabbobi ya wuce kallon ranar Sallah, ya haɗa da ilmantarwa da ceto.

Sai dai keji ba ya maye gurbin kogi. A Ingila, maganin ƙwari irin su diyaldirin ya kusa ƙarar da karen ruwa daga shekarun 1950. Da aka hana maganin, aka tsabtace koguna, zuwa 2011 ya koma kowace gunduma ta ƙasar. Singafo ta shafe shekara goma, daga 1977 zuwa 1987, tana wanke koginta, yau ga karnukan ruwa suna iyo a tsakiyar birnin.

Mu dawo gida. Gamalin da wasu ke zubawa a ruwa don kifi ya taso, dangi ɗaya ne da maganin da ya yi wa Ingila ɓarna, kuma dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta kama kifi da guba. Baƙin man da bakanike ya juye a kwata, da ledar da aka tura cikin lambatu a Unguwar Kanawa ko Badarawa ko Malali, ruwan damina na kwasar su ya gangara da su Kogin Kaduna. Daga kogin nan ake tace ruwan famfon da muke sha, da shi ake ban ruwan alayyafo da tumatir, daga nan kuma ya wuce Shiroro har ya faɗa Kwara.

Saboda haka muna kira ga sarakunan ruwa su tsawata wa masu zuba guba, masu unguwanni da limamai su ja kunnen jama'a kan zubar da shara a kwata, hukuma kuma ta hana sare itatuwan bakin kogi da sakin dattin masana'antu ba tare da tacewa ba. Ruwan da ya gagari karen ruwa zama, bai dace 'ya'yanmu su sha shi ba.