Ɓarawon da ya tafi da akwatin gaba ɗaya

Tun abin da ya samu kamfanin LastPass a 2022, gardama ta ƙi ƙarewa kan manhajojin da ke adana wa mutum kalmomin sirrinsa a rumbun intanet. Wasu na cewa a watsar da su. Waɗanda suka fi ba da haushi su ne masu cewa ai da an sauya babbar kalmar sirri, shi ke nan, an wanke.

A watan Agusta masu kutse suka fara shiga, suka kwashi bayanan yadda aka gina manhajar. Daga nan suka bi wani babban injiniya har kwamfutarsa ta gida, ɗaya daga mutum 4 kacal da ke riƙe da makullan rumbun. Ta manhajar kallon finafinai ta Plex suka samu ƙofa, domin bai sabunta ta ba, alhali tun 2020 aka toshe wannan kafar. Suka dasa masa abin da ke naɗe duk harafin da ya danna. Sai ranar 22 ga Disamba, ana shirin hutun Kirsimeti, kamfanin ya amsa cewa an kwafe ma'ajiyar abokan hulɗarsa.

Gaskiya ne a kulle aka sace ta. To amma ɓarawon da ya ɗauke akwatin ƙarfe ya kai ɗakinsa, ina ruwansa da sabon kwaɗon da mai gida ya sayo? Tsohon kwaɗo ne a jikin akwatin, ga lokaci, ba mai tsawata masa. Kwamfutocinsa na ta gwada kalmomi dare da rana, ba kamar na'urar ATM ba da ke rufe kati bayan 'yan kurakurai. Wanda ya sa sunan ɗansa da shekarar haihuwa, tasa ce za ta fara buɗewa. Sunayen shafukan da mutum ke shiga ma ba a kulle suke ba, don haka ɓarawo ya san wace ma'ajiya ce ke da maiƙo. Daga baya masu bincike sun danganta satar kuɗin kirifto na miliyoyin daloli da wannan kutse, kodayake kamfanin bai yarda an tabbatar ba.

Magani shi ne sauya kowace kalma da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, da kunna tantancewa mai mataki biyu.

Masu murnar ba sa amfani da irin wannan manhaja kuwa, da yawa hoton katin banki gaba da baya, da takardar NIN, suna kwance a Google Photos ɗinsu, ƙarƙashin imel ɗin da yaron shagon waya ya buɗe musu, kuma har yau shi ya san kalmar sirrin.