Gyaran Gida a Sotega: Ranin Nan Wata Huɗu Ne Kawai

Duk wanda ya taso a Kano ko Maradi ya san ranin can dogo ne, mai gida yana da wajen wata bakwai na yin yaɓe da gyaran indararo. A nan Libreville abin a juye yake. Daidai lokacin da 'yan'uwanmu na can suke cikin damina, wato daga Yuni zuwa Satumba, shi ne mu muke samun sararin ruwa. Da Oktoba ta kama kuwa sai sama ta ɓalle, ba ta sassautawa sosai sai ɗan tsakanin Disamba da Janairu. Ruwan da ke zuba a garin nan a shekara ya kusa milimita 3,000, wajen ninki uku na abin da Kano take samu.

Mu mazauna Sotega da maƙwabtanmu na Nkembo mun san abin da wannan ruwa yake yi. Iska ta ɗaga kwano, reshen mangwaro ya faɗo kan wayar SEEG, kwata ta cika da leda da robobi ta juyo da ruwa cikin ɗaki. Wannan duk asarar dukiya ce. Amma a watan Oktoba na 2022 ƙasa ta zaftare a unguwar PK8 bayan ruwan sama, mutum 7 suka rasu. Allah ya kiyaye mu. Gidaje da yawa a garin nan a jikin tudu aka gina su, ko a kwari gefen rafi.

To, gyara daga sama ake faro shi. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, tsatsa kuma daga bakin ƙusa take fara cin kwano. A hau a duba, a kuma ƙwanƙwasa katakon da ke ƙasa, domin gara tana cinye cikinsa ta bar ɓawo. A nan muna da magana da masu son araha: okume katako ne mai laushi, ya dace da silin da kayan ɗaki, amma bai jure laima da gara kamar paduk. Kafinta na gaskiya zai faɗa maka haka, ko da kuɗin zai ƙaru. Bango ma a liƙe tsagarsa da siminti tun tana siririya, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle ruwa. Masu haya kuma su yi magana da mai gida tun Yuli, a rubuta wa zai biya me.

Sai batun furanni, wanda wasu dattawanmu suke ɗauka aikin Turawa ne. Mu dai muna ganin ba haka ba ne. Tsakar gida da aka share ƙal, babu ko ciyawa, kyakkyawa ce a Katsina. A nan kuwa ruwa yana kwashe ƙasarta kaɗan-kaɗan har gindin gini ya fito fili. Jeren jema, ciyawar nan da ake zana da ita a gida, saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai ta riƙe gangare. Ciyawar shayin nan da ake kira sitironel ma tana taimakawa, ga kuma amfaninta a buta. A gabansu sai a jera ibiskus, ɗan'uwan yakuwarmu ta zoɓo, da bugenbiliya a jikin katanga inda rana ke bugawa. Duka biyun reshe ake yanka a dasa, ba sai an sayi iri ba, maƙwabciya ma za ta ba ki. Lalle da zogale su ma suna kamawa, in dai ruwa ba ya kwanciya a gindinsu.

Lokacin dashe shi ne ƙarshen Satumba, gab da ruwan fari. Masu gida da lambu a hanyar Ntoum su tuna da sassabe rassan da suka rufe rufi kafin su kulle su dawo gari. Gwangwanin da aka yi shuka a ciki kuma a huda gindinsa, kar ya tara ruwa sauro ya yi ƙwai.