Lambar awaki a Maraɗi: abin da waya take ƙirgawa da abin da ke kuɓuce mata

Da an kwashe amfanin gona an saki dabbobi, sanyi ya sauka, sai ma'aikatan kiwo su fita lamba. A Jiratawa, kudu da birnin Maraɗi, mata da yara ne ke fara isowa, kowa riƙe da igiyar jar akuya biyu ko uku. Kayan aikin ba su sauya ba: akwatin ƙanƙara, allura, da abin tsaga kunne don a gane dabbar da aka riga aka yi wa. Abin da ya ƙaru shi ne wayar salula a hannun mai rubutu, inda a da rajista take.

Cutar da ake fafatawa da ita, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, tumaki da awaki take kamawa. Zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo, sai mutuwa. Idan ta faɗa garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, tana iya kashe fiye da rabinsa. A 2015, a Abijan, hukumomin FAO da OIE suka tsayar da 2030 a matsayin shekarar kawar da ita daga duniya, kamar yadda aka sanar da ƙarshen bushiyar shanu a 2011. A Maraɗi wannan ba zancen taro ba ne. Jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ce asusun mace: da ita ake biyan magani, da ita ake haɗa kayan ɗaki.

Allura ɗaya tana kare dabba shekaru. Wahalar tana wajen kai ta. Maganin yakan taso daga Yamai, inda cibiyar LABOCEL take, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 600 ba tare da ya yi ɗumi ba. Daga Maraɗi a raba shi zuwa gundumomi da ƙananan hukumomi. Da an dama shi da ruwansa kuwa, rayuwarsa ba ta wuce sa'o'i kaɗan. Ga mai na babura, ga ƙanƙara, ga sanar da masu gari, ga likitoci masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauye, tsarin da ƙungiyar VSF ta Beljiyam da Karkara suka fara a Dakoro a 2003. Su waɗannan da yawan kawunan da suka yi wa lamba ake lissafa haƙƙinsu. Kenan adadin da aka rubuta a fili kuɗi ne, kuma duk inda lissafi ya zama kuɗi sai an sa ido.

A zamanin takarda, rahoton ƙauye kan kwana a aljihu, ya je ƙaramar hukuma, a sake kwafe shi, ya je gunduma, a sake tara shi. Kafin ya isa teburin shugaban aiki an yi makonni, kuskuren da aka gano kuma ba ya gyaruwa, don garken ya yi gaba.

Manhajar da ta fi yaɗuwa a irin wannan aiki ita ce KoboToolbox, wadda ta samo asali daga masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka, aka yi ta don wuraren da intanet ba shi da tabbas. Ana tsara takardar tambayoyi a kwamfuta, a saukar da ita a wayoyi. Ma'aikaci ya cika sunan gari, yawan tumaki da awaki, lambar kwalba, wayar ta ɗauki rana da daidai wurin da yake tsaye. Ko babu rezo bayanin yana nan ajiye, sai ya shigo inda akwai ya tura. Shirin PRAPS na tallafa wa makiyayan Sahel, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2015 don ƙasashe shida har da Nijar, ya horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi a kanta.

Amfaninta a fili yake. Wanda ke zaune a Maraɗi yana iya buɗe taswira da yamma ya ga an bi ƙauyukan bakin hanyar Tibiri, amma rugagen da ke bayan gari babu ɗigo ko ɗaya. Washegari ya juya babur. Yana iya kwatanta kwalaben da aka fitar da kawunan da aka rubuta. Idan kwalba goma masu allura ɗari-ɗari suka haifi dabba dubu da ɗari huɗu, akwai wanda zai amsa tambaya.

To amma manhaja abin da aka ba ta take riƙewa. A ɗauki sunan gari kawai. Wani ya rubuta Jiratawa, wani Djiratawa, wani Djirataoua yadda takardun gwamnati ke yi, kwamfuta ta ƙirga garuruwa uku. Tibiri ma biyu ce: ta Gobir da ke nan kusa da Maraɗi, da wata a jahar Doso. Maganin ba wuya, a ba kowane gari lambarsa, ma'aikaci ya zaɓa daga jeri maimakon ya rubuta da hannu. Sai dai aiki ne na kafin a fita, kuma shi aka fi mantawa idan ana gaggawar bikin ƙaddamarwa.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne tambayar "kashi nawa aka yi wa?" Kashi na me? Babban ƙidayar dabbobin da Nijar ta yi a tsakiyar shekarun 2000 ne aka daɗe ana ɗora wa ƙiyasin ƙaruwa shekara bayan shekara. Makiyayi kuma ba ya son a ƙirga masa dukiya. Kakansa ya biya jangali, shi ma bai manta ba. Wani zai kawo rabin garke ya ɓoye masu ciki, don yana tsoron allura za ta zubar musu. Wani ba ya son a tsaga kunnen ragon da yake kiwo don Layya. Babu gurbin wannan a takardar tambayoyi, sai in wanda ya tsara ta ya taɓa tsayawa a wurin lamba.

Haka jadawali. A ofis ana jera ayyuka mako-mako bisa ranar da kuɗi zai sauka. Garke kuwa da damina yana arewa, wajen Dakoro da Bermo, bayan girbi ya biyo burtali ya sauko, wasu su ƙetara ta Ɗan Isa zuwa Najeriya. Idan kuɗin mai ya makara wata guda, za a iso a tarar da awakin gida kaɗai. A ganina jadawalin da ya fara daga ranar sakin gonaki da ranakun kasuwa, sannan ya koma baya ya tsayar da ranar sayen magani, ya fi kowace sabuwar manhaja amfani.

Akwai kuma abin da waya ba za ta taɓa gani ba. Maganin da ya sha rana a bayan babur, an yi shi, an rubuta, taswira ta yi kyau, dabbar kuma ba ta da kariya. Shi ya sa bayan an gama ake komawa a ɗebi jinin wasu dabbobi a auna. Ma'aunin da tsarin duniya ya sa shi ne aƙalla kashi 70 cikin 100 su nuna kariya. Sai an ajiye sakamakon jini kusa da rahoton waya, gari da gari, ake gane ko matsalar rashin zuwa ce ko mutuwar magani.

Saura ƙananan abubuwa da kasafi kan tsallake: cajin waya a ƙauyen da ba wuta, kuɗin intanet na turawa, da horar da wanda ya maye gurbin wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Sai kuma kalmar sirri. Furoje yana da ranar rufewa, lamba kuwa kowace shekara ce har a kai 2030. Kafin a raba wayoyi, ya kamata a rubuta a yarjejeniya cewa ma'ajiyar bayanan da sunan ma'aikatar kiwo aka buɗe ta, kuma a Maraɗi akwai mutum biyu da suka san yadda ake shiga.